Kwana biyar a Sitokholm: kufan Birka, dirhamin Samarƙanda da tsibiran bazara

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina da taro a Sitokholm, babban birnin Suwidin, a farkon watan Yuli, kuma da maiɗakina zan je. Bayan taron kwana biyar za su rage mana. Ni tsofaffin wuraren tarihi nake son gani, ita kuma ruwa da tsibirai. Na duba hotunan Birka da ake ta yabo, ban ga komai ba sai ciyawa da tuddai. Ya kai a ɓata masa yini guda? Sannan yaya za mu yi da sallah da abinci?"

Malam, Allah ya kawo ku lafiya, a gaida uwargida. Ilimin tonon kayan tarihi na karanta, kuma na daɗe a wannan gari ina raka baƙi wuraren da ka ambata, saboda haka abin da na gani da idona zan gaya maka.

Hotunan ba su yi maka ƙarya ba. Birka kufai ne, na wani tsohon garin kasuwa a kan tsibiri. Mutanen da suka zauna a can da katako suka yi gini, katakon kuwa tuni ya ruɓe. Wanda ya sauka a tsibirin bai san komai ba zai ga tumaki suna kiwo a kan tuddai, ya sha iska, ya dawo yana cewa an ci kuɗinsa. Maganin wannan guda ɗaya ne: kada ka taka Birka sai ka fara ganin abin da aka tono daga cikinta. Ranar farko ku ba gidan tarihin ƙasa, Historiska museet, wanda ke unguwar Östermalm kusa da tashar jirgin ƙasa ta Karlaplan. Can aka kai mafi yawan kayan kaburburan Birka.

In kun shiga, ka nemi ɓangaren zamanin Viking, wato fatake da maharan teku na wannan yanki a da, ka tsaya gaban tsabar azurfa, ka sunkuya ka duba da kyau. Dirhami ne. Wannan dirhamin dai da muke ji a karatun zakka, wanda nisabin azurfa yake ɗari biyu daga cikinsa. Kowanne siriri ne, nauyinsa wajen giram 3, a fuska ɗaya an buga "La ilaha illallahu wahdahu la sharika lahu", a ɗayar "Muhammadur Rasulullah", a gefe kuma an zagaye da sunan garin da aka buga shi da shekarar Hijira. Rubutun Kufi ne, kuma da yake rubutun allonmu daga zuriyarsa ya fito, wanda ya yi makarantar allo in ya natsu zai iya fitar da kalmomin. Na taɓa raka wani dattijo daga gida, ya sa tabarau ya manna goshi da gilashi, ya karanta kalmar shahada a bayyane, ya ɗago ya ce da ni, "Ikon Allah, me ya kawo wannan ƙarshen duniya?" Har muka fita bai daina juyowa yana kallon akwatin ba.

Fatauci ne ya kawo shi. Yawancin waɗannan kuɗi an buga su ne a daular Samaniyawa, a garuruwa irin su Samarƙanda da Shash, wato Tashkent ta yau, wasu kuma na Abbasiyawan Bagadaza ne. Mutanen arewa sukan bi Tekun Baltik su shiga kogunan Rasha, su gangara Volga zuwa kasuwannin da Musulmi ke ci. Suna kai fatun dabbobi masu gashi, da takubba, da kakin zuma, da bayi, kuma kada a ɓoye wannan na ƙarshen, cinikin mutane babban ginshiƙi ne a arzikinsu. Ahmad Ibn Fadlan, jakadan da aka aika daga Bagadaza, ya gamu da irin waɗannan fatake a bakin Volga a shekarar 922, ya rubuta kamanninsu da yadda suke jana'izar babbansu. Su kuwa rubutun bai dame su ba, azurfar suke so. Za ka ga dirhami an datse shi biyu ko huɗu, ka ga wani da tabon wuƙa inda aka gwada ko jabu ne, ka ga ɗan ma'auni mai naɗewa da ɗan kasuwa ke sawa a jaka, don da awo ake ciniki. Wasu kuma an huda su mata sun rataya a wuya. Dubun-dubatar irin wannan kuɗi aka tono a Suwidin. A tsibirin Gotland kaɗai, a wata gona da ake kira Spillings, an samu tulin azurfa kilo 67 a 1999, da tsaba fiye da 14,000, kusan duka na ƙasashen Musulmi.

Akwai kuma zoben da ya yi suna, wanda yake hannun wannan gidan tarihi. An same shi a kabarin wata mata a Birka, ta ƙarni na tara. Na azurfa ne, da ɗan gilashi mai launin makuba a kansa, kuma binciken da aka wallafa a 2015 ya karanta rubutun da ke jikinsa a matsayin "lillahi". Za ka ji wasu na cewa wannan hujja ce matar Musulma ce. Ni dai ba na kai maganar can. Zobe yana nuna hanya ta haɗa Birka da ƙasashen Musulmi, amma abin da ke zuciyar mai shi ba ya fitowa daga ƙasa. Kafin ku fita ku leƙa ɗakin zinariya da ke ƙarƙashin ginin, sannan ku nemi kayan tsibirin Helgö, inda a shekarun 1950 aka tono ɗan gunkin Buda na tagulla da ya fito daga yankin Swat na Pakistan ta yau, da ludayin tagulla daga Masar, da kan sandar limamin coci daga Ailan, duk a matsuguni ɗaya.

Rana ta biyu sai Birka. Jirgin ruwan yana tashi da hantsi daga bakin ginin majalisar birni, Stadshuset, tafiyar wajen awa biyu ce yamma cikin tafkin Mälaren, ya dawo da ku bayan la'asar. Ku sayi tikiti tun da wuri, Yuli lokacin hutun jama'a ne. Tsibirin sunansa Björkö, wajen kilomita 30 daga birni. An kafa garin a wajen shekarar 750, aka watse daga cikinsa a wajen 975, kuma ko a ganiyarsa mutanensa ba su wuce ɗari bakwai zuwa dubu ba. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1993, tare da Hovgården da ke tsibirin Adelsö a tsallaken ruwa, inda gidan sarki yake. Sarki yana can yana kallon kasuwa, kasuwa tana nan tana biyan haraji.

Da kun sauka, ku bi mai jagora, akwai zagaye da Turancin Ingilishi. Amma ga abin da nake so ka lura da shi da kanka. Filin da garin ya zauna ana kiransa Svarta jorden, wato baƙar ƙasa. Ka duba inda ƙasar ta buɗe a gefen hanya, za ka ga baƙa ce wuluk, ta bambanta da ta kewaye. Toka ce da gawayi da ƙashi da sharar shekara ɗari biyu suka zama ƙasa, kamar yadda tsohon juji yake a bayan gari. A cikinta aka samu burbushin aikin maƙera, da masu zuba tagulla, da masu sassaƙa mataji da ƙaho, da masu yin duwatsun wuya na gilashi. Sannan ka tsaya ka nemi bakin ruwa na da. Yana can sama, cikin ciyawa, don ruwan zamanin Birka ya ɗara na yau tsawo da wajen mita 5. Dalili kuwa, ƙanƙara mai kauri ta danne wannan ƙasa dubban shekaru, da ta narke wajen shekara 10,000 da suka wuce sai ƙasar ta shiga ɗagowa a hankali, kuma har gobe tana ɗagowa, kusan rabin santimita a shekara. A zamanin Birka Mälaren reshen teku ne, jirgi yana shigowa kai tsaye. Da mashigai suka fara ƙafewa, azurfar gabas kuma ta ja baya a ƙarshen ƙarni na goma, sai kasuwa ta mutu, garin Sigtuna ya gaje ta.

Tuddan da ka gani a hoto kaburbura ne, wajen 3,000 a tsibirin. Hjalmar Stolpe, wanda asalinsa masanin ƙwari ne, ya zo a 1871 neman wani abu dabam, ƙasar ta riƙe shi, ya shafe shekaru fiye da ashirin ya tone kimanin 1,100 daga ciki. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya tono a 1878 kusa da ganuwar tudun tsaro, an samu takobi da gatari da mashi da kibau da garkuwa biyu, da 'ya'yan wani wasa mai kama da dara, da dawaki biyu, ingarma da goɗiya. Fiye da shekara ɗari ana koyar da shi a matsayin kabarin barde namiji. A 2017 gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar ƙasusuwan na mace ne. Masana suna ta muhawara kan ko ta yi yaƙi da hannunta ko alamar matsayi ce aka binne ta da ita, amma cewa mace ce, wannan ya tabbata. Ka gaya wa uwargida wannan tun a jirgi, za ka ga ita ma ta matsu a isa.

Ku hau tudun tsaron, Borg. A samansa akwai gicciyen dutse da aka kafa a 1834 don tunawa da Ansgar, mai wa'azin Kirista da ya iso nan wajen 830, sarki Björn ya ba shi izinin wa'azi, ko da yake addinin bai kama ƙasa ba sai bayan ƙarni biyu. Daga nan sama ne kufan yake bayyana gaba ɗaya: ga ganuwa ta zagayo, ga filin gari, ga maƙabarta, ga hanyoyin ruwa ta ko'ina. Ni a ganina wannan tsayuwar ta minti goma ita ce ribar tafiyar, kuma eh, ta kai a ba ta yini. Abu ɗaya: kada a ɗauki ko tsinke daga ƙasa a sa aljihu. Dokar kare kayan tarihi a ƙasar nan tsohuwa ce, tun 1666 aka fara ta, kuma da gaske ake yi.

Rana ta uku mutane da yawa za su tura ka Gamla Uppsala ko Sigtuna. Duka suna da kyau. Gamla Uppsala tana da manyan tuddan sarakuna uku na ƙarni na shida zuwa na bakwai, wajen minti 40 ne a jirgin ƙasa zuwa Uppsala sannan ɗan bas. Sigtuna kuwa an kafa ta wajen 980, a can sarki Olof Skötkonung ya buga kuɗin Suwidin na farko wajen 995, kuma tana kusa da filin jirgin saman Arlanda, har kuna iya ratsawa ranar komawa. Amma in ni ne kai, Mariefred zan je, saboda dutse guda ɗaya.

A garin Mariefred, a kan hanyar shiga fadar Gripsholm, wadda sarki Gustav Vasa ya fara ginawa a 1537, akwai dutse a tsaye da rubutun mutanen da, wanda ake kira runa, an sassaƙa shi cikin jikin maciji mai naɗewa. Wata uwa ce mai suna Tola ta sa aka yi shi saboda ɗanta Harald, ɗan'uwan Ingvar. Ma'anar abin da aka rubuta ita ce: sun yi tafiyar maza, nesa, neman zinariya, a gabas suka ciyar da gaggafa, suka mutu a kudu, a Serkland. Ciyar da gaggafa a bakinsu yana nufin kashe abokan gaba a bar wa tsuntsaye. Serkland kuwa sunan da suke kiran ƙasashen Musulmi ne. Ingvar ya ja ayarin jirage zuwa gabas wajen shekarar 1040, kusan babu wanda ya dawo, kuma duwatsu fiye da ashirin a yankin nan suna ambaton waɗanda suka tafi tare da shi. Babu gawa a ƙarƙashin ko ɗaya. Iyaye ne da 'yan'uwa da ba su samu abin binnewa ba suka kafa dutse a bakin hanya don mai wucewa ya karanta sunan. Duk lokacin da na tsaya a wurin sai na tuna gidajen da aka yi bankwana da matafiyi har yau ba labari, jikina ya yi sanyi. A wasu ranakun mako na bazara tsohon jirgin ruwa mai tururi, S/S Mariefred, wanda ke bin wannan hanya tun 1903, yana tashi daga Sitokholm, tafiyar wajen awa uku da rabi. Ku je da shi, ku dawo a jirgin ƙasa daga Läggesta. Da haka kai ka ga dutse, ita ta sha ruwa da ido.

Yanzu ranar uwargida. Yamma tafki ne, gabas teku, kuma tsakanin birni da buɗaɗɗen teku akwai tsibirai da duwatsu wajen 30,000, 'yan ƙasa na kiran yankin skärgården. Kuskuren baƙo shi ne son ya taka huɗu a yini ɗaya, ya ƙare a tashoshi yana duba agogo. Ku zaɓi ɗaya. Fararen jiragen Waxholmsbolaget suna tashi daga Strömkajen, gaban Grand Hôtel, kuma motar haya ce ta mutanen tsibirai, da su ake kai cefane da yara da karnuka. Fjäderholmarna bai kai rabin awa ba, ya dace da mai gaggawa, amma cike yake da jama'a. Vaxholm awa guda ce, gari ne sosai, da katafaren sansanin dutse a tsakiyar mashigi wanda aka yi don tare hanyar shiga birni. Sandhamn tana can bakin buɗaɗɗen teku, ga rairayi ga itatuwa, sai dai a ƙarshen mako matattarar masu jiragen shaƙatawa ce da shaye-shaye, ban ga ta dace da ku ba.

Grinda nake ba ku shawara. Ba ta kai awa biyu ba, gandu ne da aka keɓe, babu hayaniyar motoci, kuma tana da tasha biyu, kudu da arewa, kuna iya sauka a ɗaya ku ratsa daji a ƙafa ku hau a ɗayar. A hanya za ku ga gidajen katako ja da fararen tagogi. Jan fentin daga ragowar ma'adinin tagulla na Falun ake yin sa. Tsofaffin gine-gine sun yi ƙaranci a tsibiran nan, don sojojin ruwan Rasha sun bi su da wuta a 1719. A Yuli ƙasan daji cike yake da wasu 'ya'yan itace ƙanana kamar magarya, shuɗi mai duhu, blåbär, ku tsinka ku ci, halak ne a doka. Suna da wata ƙa'ida, allemansrätten, wadda ta ba kowa damar ratsa daji da zama a bakin ruwa ko da filin wani ne, da sharaɗin kada ka dami kowa, kada ka ɓata komai, kada ka kusanci ƙofar gidan mutum. Ba a hura wuta a kan fa, zafi yana tsaga shi. Bakin ruwan da ke kusa da tasha nan jama'a ke wanka da shan rana da ƙananan tufafi, to ku ƙara tafiyar minti goma sha biyar, za ku samu falalen dutse sumul, mai ɗumi, ku kaɗai, ku shimfiɗa darduma. Ruwan ko a Yuli da sanyinsa, kuma gishirinsa kaɗan ne.

Abu biyu kada ku yi wasa da su. Na farko kaska. Tana da yawa a ciyawar tsibirai, kuma wasu na ɗauke da ciwon kumburin ƙwaƙwalwa da wani ciwon da ke fara da jan zobe a fata. Ku sa dogon wando da safa, ku bi hanya, da dare kowa ya duba jikinsa, bayan gwiwa da hammata da ƙugu. In kun ga wani abu, 1177 ce lambar shawarar lafiya, 112 ta gaggawa. Na biyu jirgin ƙarshe. Da yake rana ba ta faɗuwa da wuri, ido yana yaudarar mutum, ka ɗauka la'asar ce ashe takwas ta wuce. Ka rubuta lokacin jirgin komawa tun da safe. A ƙananan tashoshi kuma akwai wani faifan ƙarfe a kan sanda, in kana son jirgi ya tsaya sai ka miƙar da shi tsaye matuƙi ya hango, kafin ka hau ka mayar da shi kwance. Ku riƙe rigar sanyi ko da gari ya yi ɗumi, iskar kan ruwa dabam ce.

Batun sallah. A farkon Yuli rana tana faɗuwa wajen ƙarfe goma na dare, ta fito kafin ƙarfe huɗu, kuma shafaƙi ba ya ɓacewa sam, sararin arewa yana nan da haske har asuba. Saboda haka masallatai ƙiyasi suke yi wa isha'i da asuba. Ka ɗauki jadawalin babban masallacin birni ka bi shi, kada ka dogara da manhajar waya kawai, don kowace da lissafinta. Ku matafiya ne, rangwamen ƙasaru da haɗa salloli yana gare ku, ka tambayi malaminka kafin ka taso yadda ya shafi yawan kwanakinku. Sannan ka kula da alƙibla. Mu mun saba gabas ita ce alƙibla, har kalmar ta zama ɗaya a bakinmu. A nan tana kudu maso gabas, ta ma fi karkata kudu, wajen digiri 148 daga arewa, ga shi kuma ranar bazara daga arewa maso gabas take ɓullowa, in ka bi ta za ka kauce da nisa.

Abinci a birni ba matsala, akwai gidajen abinci da mahauta na halak da yawa. A tsibirai da Birka kifi ne mafita: lax, da soyayyen strömming da dankalin Turawa. Kalmomin da za ka gudu su ne fläsk, gris, skinka da bacon, duk alade ne. Mafi sauƙi ku yi guzuri daga kanti, burodi da cuku da kyafaffen kifi da shayi a filas. Ruwan famfo ana sha. Kuɗin hannu kuwa wurare da yawa ba sa karɓa, ka tabbatar katin bankinka yana aiki a waje tun kana gida.

Rana ta biyar ku bar ta ga tsohon gari, Gamla stan, in ta dace da Juma'a ma ya fi. An fara ambaton sunan Sitokholm a rubuce a 1252, wato Birka ta kusa shekara ɗari uku da mutuwa kafin nan. A kusurwar da lungun Prästgatan ya haɗu da Kåkbrinken, ka duba ƙasan bango, kusa da wata tsohuwar igwa da aka kafa don kare kusurwar daga amalanke. Akwai dutsen runa da magina suka ɗauko daga wani wuri suka sa cikin gini. Torsten da Frögunn ne suka kafa shi saboda ɗansu, amma gefen da sunan yaron yake ya karye. Jama'a suna wucewa ta gabansa ba sa ko kallo. Daga nan zuwa masallaci tafiyar wajen minti ashirin ce a ƙafa: ku tsallaka Slussen, ku hau titin Götgatan har dandalin Medborgarplatsen. Tsohuwar tashar wutar lantarki ce aka mayar masallaci, aka buɗe a shekarar 2000, kuma akwai wurin mata. Ku fita da wuri, ranar Juma'a cika yake yi.